FILIN NAZARI: WASANNIN SHAƊARANJI DA BA A MANTA DA SU BA

'Yan uwa matasa masu bin wannan fili, darasinmu na wannan fitowa ya ɗan saki hanyar da muka saba, domin zai yi magana ne a kan wasan shaɗaranji, wato wanda 'yan makarantar boko suke kira ces.

Dalilin kawo wannan darasi ba ɓoyayye ba ne ga wanda yake zuwa ɗakin karatu na ƙungiya. Tun ranar da aka kawo mana allo guda biyu, samarin da a da ba ka samunsu sai a bes wajen shan ataya da buga dame, sai ga su sun dawo suna layi suna jiran a ba su wuri. Mun yi murna da haka. To amma sai wata ranar Asabar aka kira sallar magariba, aka tada iƙama, wasu biyu daga cikinmu suna nan duƙe a kan allo kamar an kafe su. Wani dattijo daga cikin iyayenmu ya shigo, bai ce da kowa uffan ba, ya tattara 'ya'yan wasan ya zuba a aljihun babbar rigarsa ya tafi da su. Sai da aka yi sati uku ana ba shi haƙuri sannan ya mayar. Kuma gaskiya tana gare shi. Saboda haka kafin mu taɓa ko doki ɗaya, wajibi ne mu fara da abin da ya fi muhimmanci.

MATSAYIN MALAMAI

Ba za mu rufe wa mai karatu komai ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda yawancinmu muka karanta a gaban malamanmu na zango, ya ambaci shaɗaranji tare da nardu cikin wasannin da bai halatta ba, kuma an san Imamu Malik da tsanantawa a kansa. Mafi yawan malaman Hanafiyya da na Hambaliyya su ma hani suka yi. Imamu Shafi'i kuwa ya tafi a kan cewa makaruhi ne, bai kai haramun ba, muddin babu caca a ciki kuma bai shagaltar da mutum daga farilla ba. Daga malaman wannan zamani, Shaikh Yusuf Alƙardawi ya halatta shi a littafinsa na halal da haram wanda ya fito a 1960, bisa sharuɗɗa uku: kada a jinkirta salla saboda shi, kada a sa kuɗi, kuma a tsare harshe daga zagi da alfasha. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, da zarar caca ta shiga, ko salla ta fita daga lokacinta, to ya haramta a wajen kowa.

Mu ba masu ba da fatawa ba ne. Kwamitin ƙungiya ya kai maganar gaban malaminmu, ya saurara, ya yarda a ci gaba bisa waɗannan sharuɗɗa, ya ƙara da nasa: da ladan ya ɗaga murya a rufe allo ko da saura taku ɗaya a gama, kuma ko pesuwa ɗaya kada a ɗora a kai. Wanda mahaifinsa ko malaminsa ya hana shi, to ya bi su, babu abin da ya rasa na addini. Ya karanta abin da zai biyo baya a matsayin tarihi.

ƊAN TARIHI DA SUNAYEN 'YA'YA

Wasan ya samo asali ne daga Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, daga nan Musulmi suka ɗauke shi suka kai shi har Andalus. Littattafan farko da aka rubuta na nazarinsa da Larabci aka rubuta su. Al-Adli ya yi nasa wajen shekarar 840. Bayansa aka yi Abubakar As-Suli, marubucin tarihi kuma masanin adabi, wanda ya yi suna a fadar halifa Al-Muktafi a Bagadaza, ya rasu a Basra a 946. As-Suli ya bar wata matsala ta ƙarshen wasa wadda ta gagari mutane kusan shekara dubu, sai a shekarun 1980 wani gwani ɗan Rasha mai suna Yuri Averbakh ya warware ta. Har gobe mutanen Sifen suna kiran ɗaya daga 'ya'yan wasan da sunan alfil, wato giwa da Larabci. Sai dai a wancan zamani waziri gida ɗaya kacal yake takawa a karkace. Ƙarfin da yake da shi yau, a Sifen aka ba shi wajen ƙarshen ƙarni na 15.

A wannan fili za mu riƙa kiran 'ya'yan kamar haka: sarki, waziri (wanda wasu ke ce wa sarauniya), hasumiya, giwa, doki, da dakare. A rubuce S sarki ne, W waziri, H hasumiya, G giwa, D doki. Dakare ba shi da harafi, sai sunan gidan da ya taka. Alamar x tana nufin ci, alamar + tana nufin an yi wa sarki kish. A bisa ƙiyasin da aka saba, dakare ɗaya ne, doki da giwa uku-uku, hasumiya biyar, waziri tara. Muna roƙon mai karatu ya kafa allo a gabansa, don wannan darasi ba ya karantuwa a kwance.

MORPHY A GIDAN KALLO, PARIS, 1858

Idan za a ce mu zaɓi wasa ɗaya tak wanda kowane mai koyo zai haddace, wannan za mu zaɓa. Paul Morphy saurayi ne ɗan shekara 21 daga birnin New Orleans na Amurka. Ya zo Turai ya kayar da kusan duk wanda ya zauna gabansa. A Paris wasu manyan mutane biyu, Duke Karl na Brunswick da Count Isouard, suka gayyace shi gidan kallon waƙe-waƙe, suka haɗa kai su biyu suna shawara da juna, shi kuwa shi kaɗai da farare. Ga yadda aka yi:

1. e4 e5 2. Df3 d6 3. d4 Gg4 4. dxe5 Gxf3 5. Wxf3 dxe5 6. Gc4 Df6 7. Wb3 We7

Mu tsaya nan tukuna. A taku na 4 dole ce ta sa masu baƙaƙe suka ba da giwarsu a kan doki, don da sun ci dakaren nan take, da Morphy ya yi musayar waziri a d8 sannan dokinsa ya ɗauke e5 a banza. Ka ga ke nan ɗan da suka fara fitarwa ya riga ya bar allo, shi kuwa wazirinsa ya fito ba tare da ya ɓata taku ba. A taku na 7 wazirin Morphy ya auna wuri biyu, b7 da f7. Na f7 shi ne mai kisa: da sun yi sakaci, sai giwa ta ci f7 da kish, waziri ya sauka e6, wasa ya ƙare. Suka kare da waziri a e7. Kariyar ta yi, amma duba inda wazirin ya tsaya: ya toshe wa giwarsu ta f8 ƙofa, ita kuma giwar ta toshe wa hasumiyar h8, sarki kuma ya rasa hanyar da zai killace kansa ta wannan ɓangare.

Yanzu ga dakaren b7 a sake, babu mai gadinsa. Da ɗayanmu ne, mun san abin da zai yi, hannu ma har rawa yake. Morphy bai ci ba. Ya ga cewa in ya ci, za su yi masa kish da waziri a b4, a yi musayar waziri, ya tashi da ribar dakare ɗaya da doguwar tafiya a gaba. Sai ya fito da wani dokin.

8. Dc3 c6 9. Gg5 b5 10. Dxb5 cxb5 11. Gxb5+ Dbd7 12. 0-0-0 Hd8

Giwar da ta je g5 ta ɗaure dokin f6 a turke, in ya motsa waziri ya tafi. Masu baƙaƙe suka rasa abin takawa, suka tura dakare b5 don su kori giwar c4. Maimakon ya ja da baya, Morphy ya ba da doki a kan dakaru biyu, don ya buɗe hanya zuwa ga sarki. A lissafin kasuwa ya yi hasarar ɗaya. Amma a ƙirga waɗanda suke bakin daga: shi yana da waziri da giwa biyu, kuma da ya killace sarkinsa ta dogon ɓangare a taku na 12, sai hasumiya ta faɗo layin d kai tsaye a kan dokin d7, wanda shi ma a ɗaure yake. Su kuwa dokinsu biyu duk a turke, giwa da hasumiya suna barci a gida.

13. Hxd7 Hxd7 14. Hd1 We6 15. Gxd7+ Dxd7 16. Wb8+ Dxb8 17. Hd8 mat.

Taku na 14 shi ne ya fi burge mu, ko da yake mutane sun fi yabon na 16. Ya ba da hasumiya a kan doki, sannan cikin natsuwa ya kawo ɗaya hasumiyar, wadda ita kaɗai ta rage ba ta shiga aiki ba, ta maye gurbin 'yar uwarta. Abokan karawarsa ba su da wanda za su kawo. A ƙarshe ya miƙa wazirinsa don kawai ya janye doki daga layin d. Ku dubi allon a yadda aka tashi: Morphy ba shi da kowa sai hasumiya ɗaya da giwa ɗaya, kuma su biyun ne suka yi mat. Masu baƙaƙe suna da waziri, da doki, da giwa, da hasumiya, amma giwar f8 da hasumiyar h8 ko sau ɗaya ba su taka ba tun da aka fara.

Wannan ita ce cutar da muka fi gani a ɗakin karatunmu. Yaro zai fito da waziri tun taku na 2, ya yi ta yawo da shi shi kaɗai yana neman mat na gaggawa, sauran jama'arsa suna jere a baya kamar 'yan kallo. In ya gamu da sabon shiga ya ci, ya yi ta kuri. Ranar da ya gamu da wanda ya san hannunsa, kowane taku sai a kori wazirin nan, mai korar kuma yana fito da 'ya'yansa a kan hanya. Ƙa'idar da za a ɗauka daga Morphy mai sauƙi ce: kama tsakiya da dakare, fito da dawakai da giwaye, killace sarki, kada ka taka ɗa ɗaya sau biyu alhali wani bai taka ko sau ɗaya ba sai da dalili mai ƙarfi.

Shekara bakwai kafin wannan, a Landan a 1851, an yi wani wasan da ya fi shi suna, tsakanin Adolf Anderssen, malamin lissafi Bajamushe, da Lionel Kieseritzky. Anderssen ya ba da giwa, ya ba da hasumiya biyu, ya ba da waziri, ya yi mat a taku na 23 da doki biyu da giwa ɗaya, alhali abokin wasansa dakaru uku kawai ya rasa. Wazirin Kieseritzky yana can lungun a1 inda kwaɗayin hasumiya ya kai shi. Ba mu kawo shi dalla-dalla ba don masu nazari sun nuna kurakurai a ɓangarorin biyu, kuma muna tsoron kada ƙannenmu su ɗauka cewa rabar da 'ya'ya shi ne gwaninta. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, Kieseritzky da aka kayar, shi da kansa ya buga wasan a mujallar da yake shiryawa a Paris don mutane su gani.

SULTAN KHAN DA CAPABLANCA, HASTINGS, 1930

Wannan suna ya kamata kowane matashi Musulmi mai sha'awar wasan ya san shi. Sultan Khan mutumin Punjab ne, daga yankin da yau yake cikin Pakistan. Ya tashi da irin shaɗaranjin ƙasarsu, wanda dakare ba ya tsallake gida biyu a takun farko, kuma killace sarki ba irin na Turai ba ne. Da girmansa ya koyi dokokin Turawa. Ya ci gasar Indiya duka a 1928, sannan wani babban basarake, Sir Umar Hayat Khan, ya tafi da shi Ingila a 1929. Marubutan Turawa sun daɗe suna kiransa baran gidan wannan basarake, amma zuriyarsa sun musanta haka, sun ce daga gidan malamai masu gonaki ya fito. Ko ma dai yaya ne, mutumin da bai karanta littattafan buɗe wasa na Turai ba, ga sanyin Ingila yana ta kwantar da shi da mura da zazzaɓi, shi ne ya ci kambin Birtaniya a 1929, ya sake ci a 1932, ya kuma ci a 1933.

A gasar garin Hastings ta ƙarshen 1930 ya haɗu da José Raúl Capablanca, ɗan ƙasar Kyuba, wanda ya riƙe kambin duniya daga 1921 zuwa 1927. Don mai karatu ya san ko wane ne wannan, daga 1916 zuwa 1924 ba a ci shi wasa ko ɗaya ba a gasa. Sultan Khan ne da farare. A taku na 5 ya tura dakaren gefe zuwa a3, takun da a ido kamar na mai jin tsoro, amma manufarsa ita ce hana giwar baƙaƙe zuwa b4 ta ɗaure masa doki. Shekaru da dama bayan haka Tigran Petrosian da Garry Kasparov suka mayar da wannan taku makaminsu, har ana kiran tsarin da sunan Petrosian.

Sultan Khan bai killace sarkinsa ba sam a wannan wasa. Ya bar shi a tsakiya, ya tura dakarun h da g gaba. Capablanca ya jera hasumiyoyinsa biyu a layin c ya kutsa da su, a taku na 21 ya yi kish a c1, a na 22 ya sake yi a c2. Sultan Khan ya ba da wazirinsa ya karɓi hasumiyoyin biyu. A lissafi tara ya bayar ya karɓi goma, wato kusan kunnen doki, kuma mai waziri yakan fi jin daɗi idan sarkin abokin karawarsa a fili yake. Daga nan ne ainihin darasin ya fara. Sama da taku arba'in aka ƙara yi, kuma a cikinsu babu wani abin da mai kallo zai yi tsalle a kai. Sultan Khan ya kama layin c ɗin nan da Capablanca ya bari, ya tsare kowace ƙofa da wazirin zai iya shigowa, ya riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, in ya ga alamar haɗari ya gyara zama ya jira. Wazirin Capablanca ya yi ta zagaye yana neman tsaga bai samu ba, sauran 'ya'yansa kuwa sun maƙale. A taku na 65 tsohon zakaran duniya ya miƙa wuya.

Mun daɗe a kan wannan wasa don shi ne kishiyar abin da samari suke so. Kowa so yake ya zama Morphy, ya gama cikin taku goma sha bakwai a tafa masa. Amma mafi yawan wasannin da za ka ci a rayuwarka irin na Sultan Khan ne: ka sami 'yar fifiko, ka hana abokin wasanka motsi, ka yi haƙuri har ta nuna. Sau nawa muka ga ɗan uwa ya sami rinjaye, sai gajen haƙuri ya sa ya buɗe gidansa don ya gama da wuri, dara ta ci gida? Kafin ka tambayi kanka me zan yi masa, fara tambayar me yake nema ya yi mini, ka toshe, sannan ka ci gaba.

A ƙarshen 1933 Sultan Khan ya koma ƙasarsu, ya kama noma, bai sake fitowa gasar duniya ba har ya rasu a 1966. Lokacin da hukumar shaɗaranji ta duniya, FIDE, ta fara raba lambar babban gwani a 1950, ba ta sa shi ba. Sai a watan Fabrairu na 2024 ta ba shi lambar ta girmamawa, shekara 58 bayan rasuwarsa. Allah Ya jiƙansa.

YARO DA BABBA, NEW YORK, 1956

Ranar 17 ga Oktoba 1956 Donald Byrne, ɗaya daga manyan 'yan wasan Amurka, ya zauna da farare gaban wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Bobby Fischer. A taku na 11 Byrne ya ɗauki giwar da ya riga ya fitar a f4 ya sake taka ta zuwa g5, alhali sarkinsa yana tsakiya bai killace ba. Kuskuren da muka ambata a wasan Morphy ke nan, sai dai a nan gwani ne ya yi shi, kuma ɗan ƙanƙane ne. Yaron ya jefa dokinsa a4, inda ake iya cinsa, wuta ta kama. A taku na 17 giwar Byrne tana auna wazirin Fischer, kowa yana jiran ya janye shi. Sai ya bar shi, ya ja giwarsa zuwa e6. Byrne ya ci wazirin. Daga nan doki da giwar Fischer suka yi ta yi wa sarki kish bi da bi, sarki yana kai da komo tsakanin f1 da g1, dokin yana tsince abin da ya samu a hanya. Da ƙura ta lafa, Fischer ya karɓi hasumiya da giwa biyu da dakare a madadin wazirinsa, hasumiyar Byrne ta h1 kuma a kulle.

Kada a ɗauka yaron nan ƙarfin hali kawai ya yi. Ya lissafa kowace hanya kafin ya saki wazirin. Misali, da Byrne ya ƙi wazirin ya ci giwar e6, da an yi masa kish a b5, a bi shi har a shaƙe sarkinsa da doki a tsakanin 'ya'yansa. Wanda zai ba da babban ɗa ba tare da ya ga ƙarshen hanya ba, wannan ba sadaukarwa ya yi ba, kyauta ya yi.

Akwai kuma abin koyi a wajen Byrne. Tun da wuri ya san wasa ya tafi, yana iya sallamawa ya tashi. Amma ya zauna ya bar yaron ya kai shi har mat a taku na 41. Muna faɗin wannan ne saboda yayyenmu da idan ƙaramin yaro ya fara rinjayarsu sai su tuna ana jiransu a gida, ko gwiwa ta bugi allo 'ya'ya su watse. Shi kuma Fischer bai ci wannan gasa ba, bai ma zo kusa ba. Sai a 1972 ya karɓi kambin duniya daga Boris Spassky a birnin Reykjavik, daga nan ya ƙi kare shi aka karɓe a 1975, ya ƙare rayuwarsa cikin kaɗaici da munanan maganganu har ya mutu a 2008. Gwaninta a kan allo ba ta gyara masa hali ba, kuma wannan ma yana cikin abin da iyayenmu suke ji mana tsoro.

MANYA MA SUNA TUNTUƁE

A gasar Monte Carlo ta 1902, Georg Marco yana da baƙaƙe a gaban Ignatz von Popiel. Ya duba ya ga giwarsa ta d4 a ɗaure, za a cinye ta, ya yanke ƙauna ya sallama. Ashe da ya taka giwar nan zuwa g1, da ta yi barazanar mat a h2, kuma a lokaci guda hasumiyar da ke bayanta ta auna wazirin farare. Wato wasan da ya ci ne ya bayar. Ɗan da aka ɗaure a kan wanin sarki yana iya motsawa, in motsin nasa ya zo da barazanar da ta fi abin da za a rasa.

A watan Nuwamba na 2006 a birnin Bonn na Jamus, Vladimir Kramnik, wanda a lokacin shi ne zakaran duniya, yana karawa da kwamfuta mai suna Deep Fritz. A wasa na biyu ya yi dogon tunani a kan shirinsa, ya taka waziri zuwa e3 hankalinsa kwance, bai lura ba cewa wazirin kwamfuta zai sauka h7 da goyon bayan dokin da ke f8. Mat a taku ɗaya, irin wanda yaran makarantar allo da suka yi wata biyu suna zuwa wajenmu suke gani. Haka kuma ranar 12 ga Disamba 2024 a Singafo, a wasa na 14 kuma na ƙarshe na neman kambin duniya, Ding Liren na ƙasar Sin yana cikin matsayin da kowa ya ɗauka kunnen doki za a yi. A taku na 55 ya miƙa hasumiyarsa f2 don a yi musaya, ya manta giwarsa tana lungun a8 inda ita ma za a tilasta mata musaya. Aka share allo, ya rage sarki da dakaru, kuma nasa sun gaza da ɗaya. Gukesh Dommaraju na Indiya ya karɓi kambin yana ɗan shekara 18.

Maganin da muke bai wa masu koyo a wajenmu shi ne, in ka yanke shawarar takun da za ka yi, ka zauna a kan hannunka tukuna. Ka duba kowane kish da abokin wasanka zai iya yi bayan takun, ka duba kowane ci, sannan ka taɓa. Kafin ka yarda da musaya kuma, ka ƙirga abin da zai rage a allo. Haka nan kafin ka sallama, ka yi wa kanka irin wannan dubawar, ko akwai g1 ɗinka da ba ka gani ba.

AIKIN GIDA

A koma wasan Morphy, a jera shi har zuwa taku na 14, bayan hasumiya ta zo d1. A ɗauka masu baƙaƙe ba su taka We6 ba, sun taka Wb4 suna neman musayar waziri. Morphy ya ci dokin f6 da giwa, su kuma suka ci wazirinsa a b3. Tambaya ta farko: wane taku ɗaya ne zai gama wasan? Ta biyu: a rubuta sunan kowane gida da ke kewaye da sarkin baƙaƙe, a faɗi abin da ya hana shi shiga. A rubuta amsa a takarda da suna da unguwa, a miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ƙarshen wata. Za mu jera wasan Sultan Khan gaba ɗayansa a ɗakin karatu ranar Asabar bayan la'asar, kuma za a rufe allo minti goma kafin magariba.